Garkar Bakin Tabki

Shekarar da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, na shiga jami'a a Maradi, abin da na sani a garin bai wuce tasha da babbar kasuwa da ƙofar asibiti ba. Madarumfa ba ta da nisa da Maradi, mutum na iya sallar asuba a gida ya karya kumallo a birni, amma mu babu abin da ke kai mu can sai lalura. Babana manomin garka ne a bakin tabki, yana taɓa su idan ruwa ya yi kyau. Ni ne na farko a gidanmu da karatun lakwal, wato boko, ya kai nan, don haka ranar da zan tafi inna ta cika mini buhu da gari da ƙuli-ƙuli da busasshen kifi kamar wanda zai ƙetare hamada.

A satin farko na haɗu da shi. Na shiga anfi, babban ɗakin da ake ba mu darasi, na tarar ya cika har bakin ƙofa. Ina tsaye ina rarraba ido sai wani dogon saurayi ya janye jakarsa daga kan benci ya yafuto ni. Da aka tashi ya tambaye ni daga ina nake, na faɗa masa. Ya ce ya sha jin labarin kifinmu amma bai taɓa zuwa ba. Sannan ya tambayi inda nake cin abincin rana, na ce a resto na ɗalibai. Ya dube ni da tausayi, ya ce in hau bayan motonsa, wato babur ɗinsa.

Ɗan Maradi ne gaba da baya. Mahaifinsa Alhaji ne mai manyan motoci da ke ɗauko kaya daga Jibiya da Katsina, amma shi bai ɗauki kansa da zafi ba, kuma karatu bai dame shi sosai ba. Baiwar da Allah ya yi masa ita ce sanin wuri. Ya san mai kilishin da ba shi da ko allo a ƙofa, sai ka bi wani lungu ka wuce wurin masu gyaran firji kafin ka same shi. Ya san matar da ke dama fura da nonon da ba a tsinka shi da ruwa ba, ya san lokacin da ya kamata a je kafin ta ƙare. Idan za a kalli ƙwallo ya san gidan kallon da fankarsa ke aiki kuma mai gidan ba ya kashe telebijin don an yi gardama. Idan lokacin kokowa ya zo ya san ɓangaren filin da inuwa ke fara sauka. Yana da ƙa'idojinsa da yake faɗa kamar karatu: kada ka ci nama a wurin da mai naman ya fi ka surutu, kada ka sha bisap, wato zoɓo, idan ya yi ja da yawa, kada ka zauna a fadar da ba a dariya.

Na bi shi ko'ina. A wurinsa na koyi bul, wasan nan da ake jefa ƙwallayen ƙarfe a nemi kusantar wata ƴar ƙaramar ƙwallo. Akwai wani fili ƙarƙashin itatuwan dogon yaro inda tsofaffin ma'aikata ke yi da la'asar, shi ya kai ni, ya roƙi wani tsohon malamin lakwal ya ara mini ƙwallayensa. Hannuna ya faɗa da wuri, wataƙila don na saba jefa taru. Ba a daɗe ba muka zama abokan wasa, ni ina ajiye ƙwallo kusa, shi yana harbe ta abokan gaba. Da yamma mu koma fadarsu, wurin hirar samari a ƙofar wani kanti, a ɗora shayi a buga kartar da ake kira belot. Ƴan fadar duk ƴaƴan birni ne. Da farko suna kwaikwayon maganata, shi ne ya tsawatar musu har suka bari.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin waɗannan shekarun. Na so Maradi ta hanyarsa. Sai dai akwai abin da ke ɗan ci mini rai: kullum shi ne mai nunawa, ni ne mai bi. Ba ni da wani wuri da zan ce masa ya hau mu je.

A shekara ta biyu, cikin tsananin zafi, muna zaune a fada ranar wata asabar an ɗauke wuta, kowa ya jiƙe da gumi. Aka shiga lissafa inda za a je a sha iska, kowane wuri aka ambata sai a ce an gaji da shi. Abokina ya ce matsalar Maradi ke nan, babu wurin da mutum zai zauna ya kalli ruwa. Sai na ji bakina ya ce ai ni ina da wuri.

Washegari da safe muka kama hanya mu biyu a kan motonsa. Ban kai shi bakin tabkin da baƙi suka saba tsayawa ba. Muka ratsa gari muka bi turbar amalanke har garkar babana. Garkar tana kan wani ɗan tudu da ya shiga cikin ruwa, shi ya sa ko da damina ta yi ƙarfi ba ta nutsewa, kuma ko da rani ruwa ba ya yin nisa. Kakana ne ya dasa mangwarorin farko, babana ya ƙara gwaba da lemun tsami, ya kewaye gefe guda da zogale. A tsakiya ake fangalin albasa da tumatir da tattasai. Can ƙarshe akwai tsohuwar tsamiya da reshenta ya sunkuya kan ruwa, a nan baba ke ɗaure jirginsa. Idan ka zauna a gindinta ba ka jin komai sai kukan tsuntsaye da ƙarar injin ban ruwan wani daga nesa.

Abokina ya tsaya yana ta bin wurin da kallo. Baba ya taso daga cikin fangali da laka a ƙafa, ya goge hannu a riga ya ba shi, shi kuwa ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi. Inna ta aiko da soyayyar karfasa da yaji da kwaɗon zogale. Ya ci har ya lashe yatsu, ya kwanta kan tabarma a inuwar mangwaro, barci ya kwashe shi sai da aka kira la'asar. Da ya farka ya ce mini duk wuraren da ya kai ni a Maradi in haɗa su, ba su kai wannan ba. Ranar na koma birni ina jin kaina wani mutum.

Daga nan zuwa Madarumfa ya zama al'adarsa. Wani lokaci tare muke zuwa, wani lokaci ya kwaso ƴan fada, a zo da butar shayi da karta da ƙwallayen bul, a share wuri a gefen zogale a yi wasa. Wani lokaci ma ina fama da karatu a birni sai inna ta kira ni ta ce ga ɗanta nan ya zo. Haka take kiransa. Ba ya zuwa hannu sake, ko sukari ko ganyen shayi ko sabulu. Da injin ban ruwanmu ya lalace shi ya ɗaura shi a moto ya kai wa makaniken gidansu. Da idon inna ya matsa mata, shi ya zo da motar yayansa ya ɗauke ta zuwa asibiti, kuma a gidansu ta sauka har aka gama maganin, mahaifiyarsa na yi mata hidima kamar ƴar'uwa. Na faɗi wannan ne don a san ba baƙo muka buɗe wa ƙofa ba. A ganinmu ɗan gida ne.

Ya fi son zama da baba. Ni tun ina yaro na ƙoshi da labaran baba, shi kuwa sabo ne a kunnensa. Yakan tambayi yadda ruwa ke shigowa tabkin, da shekarun da ya ja baya, da kaburburan bayin Allah da ke kewaye da shi. Baba mutum ne mai kawaici, amma idan ya sami mai sauraro sai ya saki jiki. Wata rana da hantsi ina zuba musu shayi a gindin tsamiya, abokina ya ce lallai kaka ya iya zaɓen wuri da ya sayi nan. Baba ya yi murmushi ya ce ai ba saye ba ne, aro ne. Ya ba shi labari: filin na wani gida ne a Gabi. Mai gidan aminin kakana ne, ya ba shi wurin ya ce ya noma ya ci da iyalinsa. Tun daga lokacin duk shekara ana kai wa gidan kwandon mangwaro da buhun albasa, ba don an tambaya ba. Tsohon ya rasu, ɗansa ma ya rasu, yanzu sai jikoki, babbansu yana can Najeriya yana neman abinci. Abokina ya tambaya ko akwai takarda. Baba ya ce mutanen da ba su san takarda ba, amana ce kawai. Ya tambayi wane gida ne a Gabi, baba ya kwatanta masa, har da kukar da ke ƙofar gidan. Ni na miƙa musu kofuna, hankalina na kan kada shayin ya huce.

Ba a daɗe ba ya ce yana so Alhajinsa ya zo ya ga wurin da yake ta ba shi labari. Mun ji daɗi ƙwarai. Inna ta yanka zabi, baba ya sa rigarsa ta Juma'a. Alhaji ya zo da babban ɗansa a farar mota, mutum mai fara'a da sanyin murya. Ya ci abinci kaɗan, ya tashi ya zagaya garkar hannuwansa a baya, ya je har bakin ruwa ya dawo, ya tsaya yana duban hanyar da ta fito daga gari. Ya yaba itatuwan, ya ce hannun baba na da albarka. Da za su tafi baba ya cika musu bayan mota da mangwaro, ya raka su har bakin turba yana ɗaga hannu.

A shekararmu ta ƙarshe abokina ya fara wuyar gani. Idan na kira ya ce Alhaji ya sa shi aiki, ko yana fama da rubutun kammala karatu. Filin bul ma ya rage zuwa, sai in nemi wani mu yi wasa. Inna takan tambaye ni ko lafiya ɗanta ya ɗauke ƙafa, in ce mata karatu ne ya yi zafi. Ni ma haka na ɗauka.

Bayan an gama girbin gero, lokacin da baba ya riga ya dasa albasa, yayana ya kira ni da rana tsaka ya ce in bar abin da nake in zo gida. Na sami kabu-kabu zuwa tasha, na shiga motar farko. Da na isa garka na tarar an kafa ƙananan duwatsun siminti a kusurwoyinta, ɗaya ma a tsakiyar fangalin tattasai. Baba na zaune a gindin tsamiya da carbi a hannu. Yayana ya ce da safe wasu mutane suka zo da kayan awo tare da babban jikan nan na Gabi, wanda ya dawo daga Najeriya. Jikan ya gaida baba a tsaitsaye ya ce sun sayar da filin, baba ya kwashe abin da ke ƙasa idan ya nuna, sannan ya tashi. Da baba ya tambayi wanda ya saya, sai ya ce wani mutum ne, ya shiga mota.

Mutumin farko da ya faɗo mini a rai shi ne abokina. Na koma gefe na kira shi ina kuka, na kwashe komai na faɗa masa. Na ce Alhaji ya san mutane a meri, wato ofishin magajin gari, da gidan sarki, ko zai taimaka a gano wanda ya saya a roƙe shi. Ya yi salati ya ce in kwantar da hankalina, zai bincika. Na koma na gaya wa baba, har na ga fuskarsa ta ɗan saki.

Kwana biyu babu labari. Baba ya ce ba zai zauna jira ba, zai je Gabi da kansa ya ji daga bakin manyan gidan. Na ari moton maƙwabcinmu na ɗauke shi. Jikan ba ya nan, sai kakarsa, tsohuwar da ta san kakana, wadda duk shekara ita ke karɓar mangwaro ta sa albarka. Da ta ji muryar baba ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce wallahi ba da son ranta ba, yaran yanzu ba sa jin magana, ta yi faɗa har ta gaji. Baba ya ba ta haƙuri, ya ce bai zo rigima ba, so yake ya san wanda zai je ya roƙa.

Ta ce ai ta ɗauka ya sani. Wani Alhaji ne na Maradi mai motoci. Tun bara ɗansa ya fara zuwa, wani dogon yaro mai moto, mai ladabi, ya ce kwatancen gidan ma a bakin baba ya ji shi, don shi kamar ɗa yake a wurinsa. Shi ya karɓi lambar jikan, shi ya yi ta zarya har aka daidaita. Ta ce ganin haka ne ma ya sa ta yi shiru daga baya, ta zaci da yardar baba ake yi.

Ban san yadda na tashi daga tabarmar ba. Baba kuwa ya yi mata sallama yadda ya saba, ya tambayi lafiyar jikokinta mata, ya ce Allah ya bar zumunci. Muka kamo hanyar dawowa. Ina jin hannunsa a kafaɗata, ba ya motsi. Da muka yi nisa ya ce in tsaya a wani ƙauye mu yi la'asar. Bayan mun sallame na zauna kusa da shi ina jira ya ce wani abu, ko da faɗa ne. Ya daɗe yana addu'a, ya shafa, ya ce mu tafi kada inna ta damu.

Inna ba ta yarda ba da farko. Ta ce tsohuwa ce, ta ruɗe, dogayen yara masu moto ai sun cika duniya. Ta ce in kira shi a gabanta. Na kira, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira aka kashe. Sai ta tashi ta shiga ɗaki, ba ta ƙara fitowa ba ranar.

Na koma Maradi na neme shi. Gidansu aka ce ya fita, fada aka ce bai zo ba. A filin bul na same shi da la'asar, yana tsugune yana shirin jifa. Da ya gan ni ya miƙe, ya ajiye ƙwallon, ya jawo ni bayan itatuwa inda tsofaffin ba za su ji ba. Na tambaye shi abu ɗaya, ko shi ne ya je Gabi. Bai musa ba. Ya ce yana ta neman yadda zai faɗa mini ne bai samu ba.

"Ka saurare ni, ɗan'uwa," in ji shi. "Yaron nan na Gabi ko yau ko gobe sai ya sayar. Da ba mu saya ba, wani ne zai saya, wanda bai san baba ba, ya sare itatuwan ya yi gini. Mu kuwa ba za mu taɓa ko reshe ba. Wurin shaƙatawa za mu yi, irin wanda babu shi a duk jihar. Kuma na riga na yi magana da Alhaji, baba ne zai riƙa kula da wurin, da albashinsa duk wata."

Na ce masa yaron bai san yana son sayarwa ba sai da shi ya neme shi. Ya kau da kai. Na ce ranar da na kira shi ina kuka ya ce zai bincika, me ya je ya bincika? Ya ce in bar wannan maganar, raina ne a ɓace.

"Innata ta dafa ka ci," na ce. "Ɗana take ce maka."

"Har gobe ni ɗanta ne," ya ce. "Wannan kasuwanci ne, bai shafi zumunci ba."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da gaske yake. Na dubi idonsa ban ga mugunta ba. Ya yarda har zuciyarsa cewa bai yi wani babban laifi ba, ya ga wuri mai kyau ne ya kai labari inda ya dace, kamar yadda ya saba. Na juya na tafi. Ina jin ɗaya daga cikin tsofaffin yana kiransa ya zo ya yi jifarsa.

Mun bi duk hanyar da ake bi. Baba da yayana suka je wurin mai gari, daga nan gidan sarki. Kowa ya tausaya, kowa ya san baba da wannan garka tun yana saurayi, amma maganar ɗaya ce: aro aro ne, magada sun sayar da abinsu, shaidu sun sa hannu. Abin da aka iya yi mana shi ne a bar baba ya cire albasarsa ya kuma ci mangwaron shekarar. Alhaji ya aiko babban ɗansa da maganar aikin gadi da kula da itatuwa. Baba ya karɓe shi a zaure, ya sa aka kawo masa ruwa, ya saurare shi har ya gama. Sannan ya ce a yi wa Alhaji godiya, amma shi ya tsufa da koyon aiki a ƙarƙashin wani.

Ƴan fada ba su ce ina da laifi ba, ba su ce abokina na da laifi ba. Wasu suka same ni a ɓoye suka ce abin bai yi kyau ba, amma da yamma suna can tare da shi ana belot. Mutum ɗaya ne ya daina zuwa fadar saboda ni, wani yaro mai shiru da ban taɓa ɗauka da muhimmanci ba. Ni ma na daina zuwa. Na daina bi ta lungun mai kilishi, na daina zuwa gidan kallon ƙwallo, don ko'ina na nufa a garin nan shi ya fara kai ni. Watannin ƙarshe na yi su tsakanin ɗakina da ɗakin karatu. Na ci jarrabawa da sakamakon da ban taɓa samu ba, amma ban ji daɗinsa ba.

Ranar da muka kwashe kayan garka ina nan. Muka ɗora injin ban ruwa da tiyo da garemani a amalanken jaki. Baba ya kwance jirginsa daga tsamiya ya tuƙa shi zuwa inda sauran masunta ke ɗaure nasu. Inna ta zo da wuƙa ta yanki rassan zogale masu kauri don a dasa a wani wuri, ta ɗaure su da igiya, ba ta dubi kowa ba. Tun daga ranar da ta shiga ɗaki ba ta sake ambaton abokina ba. Akwai wani bargo da ya kawo mata lokacin da take jinyar ido, ta ninke shi ta ba wata maƙwabciya.

Dangin inna na Safo suka ba baba wani ɗan fili da rijiya a gefe. Ƙasar ba ta kai waccan ba, ruwan kuma sai an ja. Abin da yake fitarwa bai isa gida biyu ba, don haka yayana ya bar matarsa da yara ya tafi Najeriya cin rani, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Baba ya dasa ƴan mangwarori a sabon wurin, yana ba su ruwa da guga. Bai taɓa ce mini kai ka kawo shi ba. Sau ɗaya na yi ƙoƙarin buɗe maganar, ya ce baƙo ya zo an karrama shi, abin da ya kamata ke nan, sauran kuma tsakaninsa da Allah.

Wurin shaƙatawar Alhaji ya buɗe shekara guda bayan haka. An kewaye shi da katanga mai fenti, an sa kujeru a ƙarƙashin mangwarorin kakana, an share fangalin albasa an zuba yashi. Akwai masu gasa kifi, akwai kiɗa, akwai jirgi mai rumfa da ke zagayawa da mutane. Duk asabar da lahadi motoci da baburan ɗalibai na wucewa ta ƙofar gidanmu. Hotunan na shigo mini waya ko ban nema ba, samari da ƴan mata a kan reshen tsamiya suna dariya. Ban taɓa shiga ba. Idan hanya ta bi da ni ta wajen, nakan zagaya ta bayan kasuwa.

Yanzu ina koyarwa a wata kwaleji ba nisa da gida. Bara aka yi wa abokin nan nawa mai shiru haihuwa a Maradi, na je suna. Ana cikin cin abinci sai ga tsohon abokina ɗan Alhaji ya shigo, ya yi ƙiba, da babbar riga da makullin mota a hannu. Ya bi mutane yana gaisawa har ya iso kaina. Ya miƙo hannu, na ba shi, don idon jama'a na kanmu. Ya riƙe hannun bai saki ba, ya tambayi baba da inna, na ce suna lafiya. Ya ce kullum yana tunanina, ya ce har filin bul ya sa an yi a wurin, amma bai sami abokin wasa irina ba.

"Ka zo ka gani mana," ya ce. "Ka zo da su inna. Na gaya wa masu ƙofa, ku ba za ku biya komai ba."

Na zare hannuna na ce masa na ji. Na jira aka yi addu'a, na yi wa mai jego barka, na fita na tari mota. Da na isa Safo rana ta yi sanyi, baba na bakin rijiya yana jan ruwa. Na tuɓe rigata na rataye a kan darni, na karɓi gugan daga hannunsa.